Kwabar Kaka Ba Ta Bin Matakala

Mathilde ta rufe gwangwanin biskit kafin ya iso gaban Teun.

A gidajenmu na Amsterdam biskit ɗaya ake ba baƙo ya sha gahawa da shi, sai a mayar da murfi, babu mai jin haushi. Amma ɗayan nan haƙƙi ne, ko mai gyaran famfo ya shigo sai an miƙa masa. Matar yayana ta ba ni, ta ba mijinta Govert, ta ba 'yarta Fenna, ta ɗauki nata, sannan ta danna murfin ta ajiye gwangwanin a bayanta.

Ni ce Riet, ƙanwar Govert. Shekarata sittin da huɗu, ban taɓa aure ba, ina zaune a ɗakunan ƙasa na gidan ubanmu da ke bakin babbar korama. Na ga rashin mutuncin Mathilde iri-iri, amma na ranar nan ya ƙona mini rai.

Sati uku Teun Bakema ya yi yana jiran ta ba shi rana a littafinta. Ya zo da furanni da riga mai guga, sai dai hannuwansa ba su ɓoyuwa, duk kantar igiya ce. Sana'arsa ke nan. Matakalar gidajenmu ko mutum mai ƙiba sai ya karkace yake hawa, don haka duk wani babban kaya ta taga yake shiga, da igiya da ƙugiyar da ke rataye a ƙololuwar kowane gida.

"To, Meneer Bakema," in ji Mathilde, "me ke tafe da kai? Minti ashirin gare mu, ƙarfe biyu ana jiranmu a gidan zane-zane."

"Mevrouw, Meneer, a kan Fenna na zo. Muna so mu yi aure a watan Mayu, kuma muna son albarkarku."

"Har yanzu kai ne kake shigar wa mutane da katifa ta taga?"

"Ni ne. Ni na shigar muku da fiyano bara, har kika ce ba a taɓa yi muku aiki mai tsabta irinsa ba."

"Aikin na yaba. Ban ce ka haɗa da 'yata ba."

Fenna ta raba biskit ɗinta biyu, ta ɗora rabi a gefen kofin Teun, tana kallon uwarta ido cikin ido. Shekararta ashirin da tara, malamar makaranta ce, kuma tun tana rarrafe na san taurin kanta na gidanmu ne.

"A ina zai ajiye ki?" Mathilde ta juya kan Fenna. "A wancan jirgin ruwan da yake kwana ciki, agwagi suna leƙen ku da safe? Ƙwarya ta bi ƙwarya, Fenna. Ga Diederik nan, shekara biyu yana bin ki."

"Ya ci gaba da bi, Mama. Motsa jiki ne."

"Ki yi abin da kika ga dama, doka ta ba ki. Amma kwabar kakarki ba za ta sauka kan ruwa ba. Kuma ranar da kika fita gidan nan da shi, zan ja labulen tagogina duka."



Kwabar nan ta ajiye tufafi ce, ta katakon gaske, ta fi shekara ɗari biyu a hawa na uku. Duk 'yar gidanmu da ta yi aure da yardar ubanta, shi da kansa yake hawa rufin gida ya buɗe ƙaramar ƙofar sama, ya rataya igiya a ƙugiya, a sauko mata da kwabar ta taga unguwa tana kallo. In ta rasu a dawo da ita ta jira wata. Wadda ta fita babu kwaba, ba sai an tambaya ba, kowa ya san yadda ta fita. Shi kuwa labule, mu a layinmu ba a jan sa ko da dare, sai in an yi mutuwa.

Fenna ta dubi ubanta. Mabuɗin ƙofar sama yana aljihunsa, shi kaɗai ke da shi.

"Papa, kai fa me ka ce?"

Govert ya ci gaba da juya cokali a gahawar da babu ko sukari a ciki.

* * *

Ƙarfe biyu muka jingine kekunanmu a gaban gidan zane-zanen. Fenna ba ta so zuwa ba, ni na ce ta zo, don wanda ya gudu daga fili shi ake ba labarinsa yadda aka ga dama.

Wani tsohon zane ne na gidanmu da Govert ya ba su aro, suka yi wata takwas suna wanke shi, yau za a rataya. Diederik ne ke kula da ɓangaren. Ba zan yi masa ƙarya ba, yaro ne mai kyau, mai ladabi, ɗan gidan da suka san kakanninsu har goma. Aibinsa ɗaya, in ya fara bayani sai ka manta kana da ƙafafu har su sage.

Mun tarar da mutum kusan talatin a ɗakin, rabinsu ƙawayen Mathilde ne da sarƙoƙinsu na fita. Ruwa ba ya tsami banza. Na matsa kusa da Fenna na ce, "Yarinya, ɗaura ɗamara."

Aka yaye mayafin. Ga gidanmu nan kamar yadda yake shekara ɗari uku da suka wuce, ga korama, ga kakan kakanmu a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kaya da farar kwala, ya riƙe ƙugu. Wankin ya fito da abin da datti ya ɓoye tun kafin a haife mu: a gefen titi akwai wani ɗan dako babu takalmi, ya turje yana riƙe da igiya, wani ƙaton buhu yana lilo a sama daidai kan mai gidan.

Diederik ya yi bayanin haske da inuwa na minti goma sha biyar. Da ya gama sai ya juyo, ya zaro ƙaramin akwati daga aljihu, ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya. Ƙawayen Mathilde suka dafe ƙirji tun kafin ya buɗe baki.

"Fenna, a gaban kakanki da iyayenki nake tambayarki. Za ki aure ni?"

"Tashi, Diederik, kada wandonka ya yi datti."

"Ki ba ni amsa tukuna."

"Na ba ka a watan Janairu, na sake ba ka a Maris. Wa ya ce maka in an tara mutane amsar za ta canza?"

Ya saci kallon Mathilde. Kallon nan kaɗai ya gaya wa kowa wanda ya ce.

Mathilde ta matso tana murmushin da ba ya kai ido. Ta kama hannun Fenna ta juya ta wajen zanen, ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma irin ƙasa-ƙasan da ake so kowa ya ji.

"Dubi nan da kyau, 'yata. Mu a bakin ƙofa, su a bakin igiya. Mai zanen nan ya san wurin kowa tun kafin a haifi kakarki. Ke ce za ki zo ki sauya?"

Fenna ta daɗe tana kallon zanen. Na ɗauka kuka za ta yi a gaban mutanen nan, har na fara neman hankici. Sai ta ɗaga yatsa ta nuna buhun.

"Na gani, Mama. Ke ma duba. In mutumin nan ya saki igiya, a kan wa buhun zai faɗo?"

Wata tsohuwa ta yi dariya, ta yi maza ta mayar da ita tari.

"Kakanmu yana tsaye yana riƙe ƙugu ne saboda ya yarda da hannun wanda ba shi da ko takalmi. Ni ma irin hannun na zaɓa. Diederik, ka yi haƙuri, ba kai ka jawo wannan kunyar ba, an jawo maka ne."

Ta juya ta fita, takalminta yana ƙara a kan katakon ɗakin. Na bi ta. A bakin ƙofa na waiwaya, na ga kowa yana kallon Mathilde, ban da mutum ɗaya. Govert ya sa tabarau ya matsa dab da zanen, yana kallon ɗan dakon.

* * *

Ba ta yi kuka ba sai da muka tsallaka gada ta uku muka shiga unguwar Jordaan. Nan koramun ƙanana ne, gidajen a manne da juna, kowace ƙofa da tukwanen furanni da benci. Matan unguwar suna zaune a waje suna shan iskar yamma, wata ta ɗaga murya ta ce, "Teun, ga 'yar manyanka nan ta zo da jajayen ido, me ka yi mata?"

Jirgin nasa tsohon jirgin dakon yashi ne da ya mayar gida, kore, da tumatir a kan rufin. Ya fito yana goge hannu. Da ya ga fuskarta sai ya shigar da mu ya ɗora ruwan zafi. Ya ajiye gwangwanin biskit a tsakiyar tebur a buɗe, murfin ma ban ga inda yake ba.

Fenna ta ba shi labari tana sheshsheka. Da ta kai wajen buhu ya yi murmushi, amma murmushin bai daɗe ba.

"Fenna, saurare ni. Ni na san abin da kwabar nan take a wurinki. Ba katakon ba ne, ubanki ne. Kullum da yamma sai kin kira shi, ko tari ya yi sai kin ji a jikinki. In na raba ki da shi, bayan shekara biyar za ki dube ni ki ga mutumin da ya raba ki da shi."

"To me kake nufi?"

"Mu jira. Wataƙila nan da shekara ɗaya ko biyu..."

"Mu jira me? Mama ta wayi gari ta ga kantar hannunka ta zama zobe?" Hawaye suka sake zubo mata. "Na tsaya a gaban mutum talatin na zaɓe ka, Teun. Yanzu kai ne za ka ce mu jira?"

"Don ina son ki na ce."

"To ka rage son, ka ƙara ƙarfin hali!"

Ya sunkuyar da kai. Shi ma idonsa ya kawo ruwa, ƙaton mutum mai ɗaga fiyano. Ni kuwa na ajiye kofina da ƙarfi har suka dube ni.

"Kai, ɗan Bakema, bari in gaya maka abin da ake samu a jira. Shekara arba'in da ɗaya da suka wuce akwai wani mai buɗe wa jiragen ruwa gada, Wessel. Ubanmu ya ce a'a. Wessel ya ce mu jira, don mutumin kirki ne irinka. Muka jira. Ubanmu ya yi shekara goma sha tara bai sauya ba, Wessel ya gaji ya auri wata mai sayar da kifi, yanzu jikokinsa shida. Ni kuma ga ni nan, ina kwana a ƙarƙashin kwabar da ya kamata ta zama tawa, ina jin takun Mathilde a kaina."

"Tante Riet," in ji Fenna a hankali, "ba ki taɓa gaya mini ba."

"Ba abin alfahari ba ne. Ubanki ya sani. Yana tsaye a wurin ranar, yana juya cokali."

Teun ya share fuska da bayan hannu. "In mun je kuma ubanki bai buɗe ƙofar sama ba fa?"

Fenna ce ta amsa.

"Sai in taho da akwatina a bayan keke, in yi kukana a nan. Amma sai ya ƙi ni a gaban unguwa da rana tsaka, ba a cikin kofin gahawa ba. Asabar ƙarfe goma. Ka zo da igiyarka."

* * *

Asabar ta zo da rana mai kyau. Teun ya tsayar da motarsa a gaban gidan, ya killace gefen titi, ya sauke igiya. Abokan aikinsa biyu na shigar da su ta ƙofata ta ƙasa, don ita kam tawa ce, babu mai hana ni. Suka hau suka cire tagar hawa na uku, suka naɗe kwabar da barguna suka jawo ta bakin taga. Daga nan aikinsu ya tsaya. In babu igiya a ƙugiya, kwabar nan ko mutum goma ba su isa su sauko da ita ba.

Fenna tana tsaye a titi kusa da Teun da akwati ɗaya. Maƙwabta suka fara fitowa, wannan wai shara zai zubar, wancan wai kare zai zagaya da shi. Masu wucewa a kwale-kwale ma suka rage gudu.

Sai Mathilde ta bayyana a babbar tagar falo. Ta dubi 'yarta, ta kama labule ta ja. Ta koma ta biyu ta ja. Muna kallo tana hawa bene tana ja, taga bayan taga, har gidan ya rufe ido. Tsohuwar da ke maƙwabtaka da mu ta dafe baki, don rabon da ta ga haka tun rasuwar mahaifiyarmu.

Fenna ta yi fari fat, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

Na ɗauki tayar ƙarfen da igiya ke bi ta kanta da naɗin igiyar, na sa a jakar cefanena, na shiga. Na sami Govert a ɗakin karatunsa cikin duhun labule, yana zaune da jarida a juye.

Na dire jakar a kan cinyarsa.

"Riet, gwiwata. Shekara shida ban hau can ba."

"Ranar Wessel gwiwarka lafiya lau take, ba ka tsaya mini ba."

"Mathilde ba za ta yafe mini ba."

"Ni na yafe maka ne? Kawai dai ina gaishe ka da safe." Na nuna masa labulen. "'Yarka tana waje, Govert. An ja mata labule tana da rai. In ka bar ta ta tafi haka, ka sani kai ka ja shi, ba matarka ba."

Na fito na bar shi. Na tsaya kusa da Fenna, ta tambaye ni ko zai hau, na ce ban sani ba, don gaskiyar ke nan.

Ƙarfe goma da kwata. Da rabi. Agogon coci ya buga sha ɗaya saura kwata, ƙofar sama tana nan a rufe. Teun ya dubi Fenna, ita kuma ta sunkuya ta ɗauki akwatinta.

"Mu tafi," ta ce. "Na ji amsarsa."

A lokacin ne muka ji ƙarar ƙarfe mai tsatsa daga sama.

Ƙaramar ƙofar ta buɗe. Farin kan Govert ya leƙo, ya miƙa hannu yana lalube, sau biyu yana kuskure, a na uku tayar ta shiga ƙugiya. Igiya ta warware ta sauko har gaban Teun. Wani a cikin kwale-kwale ya fara tafi, Teun ya ɗaga masa hannu ya yi shiru, don aiki bai ƙare ba.

Aka ɗaure kwabar, aka turo ta waje a hankali. Teun ya naɗe igiya a hannu ya turje, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Kwabar ta rabu da bakin taga ta tsaya a iska, hawa uku sama da titi.

Sai ƙofar gidan ta buɗe. Govert ya fito yana ɗingishi, gumi ya jiƙa masa riga, yanar gizo-gizo a kafaɗarsa. Ya sauko matakalar waje ya tsaya daidai ƙarƙashin kwabar, ya riƙe ƙugu.

"Meneer, matsa daga nan!" Teun ya yi ihu. "Ba a tsayawa ƙarƙashin kaya!"

"Papa, don Allah ka matsa!"

Ko gezau bai yi ba. A bayansa na ga gefen labulen falo ya motsa, yatsu huɗu sun riƙe shi.

"Ɗan Bakema," in ji Govert, da muryar da rabona da jin ta tun muna yara, "'yata zan ba ka. In ban yarda da hannunka a kan kaina ba, yaya zan yarda da shi a kanta? Sauko da ita."

Teun ya dubi Fenna sau ɗaya. Sannan ya gyara tsayuwa, ya fara sakin igiyar taƙi bayan taƙi.